Kafin Ka Zuba Kuɗin Masararka a Kan Allo

Tun da al'amura suka lafa a Birnin Gwari bayan sulhun Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, samari da dama suka koma gonakin da suka gagare su shekaru. Kuɗi ya fara shiga hannu, kuma da yawansu abin da suke fara tunani shi ne gidan gem ko gidan kallon ƙwallo. Sana'a ce mai kyau, ta fi zaman majalisa nesa ba kusa ba. Sai dai ni da nake gyaran tibi da monita da haɗa sola a garin nan, a kan teburina nake ganin yadda gumin damina guda yake ƙonewa cikin minti ɗaya. Abin da ya faru da wani yaro ne ya hana ni yin shiru.

Maraya ne, gonar gadonsu tana bakin daji, sai bana ya iya noma ta. Ya sayar da masararsa, mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta ƙara masa. Ya kama shago, ya sa kafinta ya buga benci, ya sayi PS4 na hannu da dikoda da ƙaramin janareta. Dabararsa mai kyau ce: da rana yara su buga bal su biya, da dare a kalli Firimiya da gasar Zakarun Turai. Allo kaɗai ya rage. Nan ne wani abokinsa ya nuna masa bidiyon Turawa a TikTok, kowa zaune a gaban doguwar monita mai lanƙwasa, ya ce masa in dai gem ne ita ce ƙarshe. Yaro ya shiga mota ya bi ta Udawa da Buruku ya nufi Kaduna, bai tambayi kowa ba.

A shagon da ya faɗa, aka sauko masa da tokumbo mai inci 34, irin mai faɗin nan 21:9. Aka jona ta da kwamfutar tebur ta DisplayPort, aka kunna masa bidiyon motocin tsere. Mai shago ya ce, “Wannan 144 ce, manyan 'yan gem ita suke nema, da ka makara da ba ka same ta ba.” Adaftarta ta asali ba ta zo da ita ba, sai aka haɗa masa da cajar laftof, aka ce ai duk bolt 19 ne. Babu kwali, babu rasit mai sharaɗin dawowa. Kuɗin da ya bayar ya isa ya sayi sabuwar tibi mai inci 43 a kwalinta.

Da ya dawo ya jona PS4, hoto ya fito a tsakiya, dama da hagu baƙi ƙirin. PS4 ba ta san 21:9 ba, 16:9 kawai take fitarwa. Ya miƙar da hoton ya cika allon, 'yan wasa suka zama gajeru masu faɗi, ƙwallo ta koma ƙwai. Ya nemi sauti, babu sifika a jikinta. Ya nemi rimot, monita ba ta da rimot. Daren farko da ya sa wasa, mutanen bencin gaba na tsakiya ne kawai suka ga abin kirki. Na gefe suna ganin hoto ya dusashe, na baya kuwa lambar minti ma ba su iya karantawa, domin hoton da ya rage bayan baƙin gefen bai wuce na allo mai inci 27 ba. Wasu suka karɓi kuɗinsu suka tafi wani gidan. Ana cikin haka ta fara ɗaukewa da kanta, saboda cajar laftof ɗin ba ta da amfiya ɗin da allon yake ja. Sai ta yi zafi ta yanke, ta huce ta dawo.

Da a nan ya kawo min ita, da na nemo masa adafta daidai, ya sayar da ita ga wani mai kwamfuta ya rage asara. Amma sai ya kai wa wani mai kiran kansa injiniya, wanda jiya-jiya cajin waya yake yi. Shi kuma ya ce matsalar janareta ce, maganinta a ba ta wuta kai tsaye daga batir. Ya yanke bakin cajar, ya murɗa wayoyi biyu da hannu, ya naɗe da leda, ya ɗora a kan batiran maƙwabci masu bolt 24. Da rana tsaka, sola na caji, batiran nan suna haura 28. Allon da aka yi wa 19.

Da na kwance bayanta, ƙaurin ne ya fara tarbata. Kafasito biyu sun kumbura sun fashe a ka, ayisin da ke rage wuta ya tsage gida biyu, layin jan ƙarfen da ke kan bod ya yi baƙi har ya ɗago. Wutar ba ta tsaya nan ba, ta wuce har tikon. Yaron yana tsaye a kaina yana cewa, “Injiniya, don Allah ka duba da kyau, ko fiyus ne kawai.” Na ce, “Ɗana, ba fiyus ba ne.” Bod ɗin irinta ba a samu a Kaduna, na tambayi abokan sana'a a Kano su ma babu, sai dai a jira wata irinta ta fashe a ciro. Mai shago ya ce kaya ya fita lafiya. Wanda ya ƙona ta ya ce dama can mai ciwo ce. Washegari mahaifiyarsa ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta ta ce, “Malam, ko rabin kuɗin ba za a samu ba?” Na ce, “Inna, sai haƙuri.” Zubin adashin nan har yanzu tana yinsa.

Monita ta mutum ɗaya ce a kan tebur. Gidan kallo na tibi ne. Ka sayi allon da injinka zai iya ciyarwa, wanda wutarka za ta iya ɗauka, wanda na bencin ƙarshe zai gani. Wanda bai san bambancin bolt da amfiya ba, kada ya taɓa maka kaya.

Zancen 144 ɗin nan, wato sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa, ya ishe ni. Kullum sai wani ya shigo yana tambaya ko ina da mai 144 ko 165, in na ce da me za ka haɗa, sai ya ce PS4. PS4 ta fito tun 2013, iyakarta 1080p a kan 60. Ko Pro ɗin da ke kai 4K, 60 ɗin dai ce. Ka saya mata allon 240 ma, 60 za ta ba shi. PS5 da ta fito a 2020 ita ce ke kai 120, kuma ba kowane gem ba, kuma in 4K kake so a kan 120 sai allon yana da HDMI 2.1 da wayar da ta dace. Da yawan monitocin tokumbo, babbar lambar da aka rubuta ta ramin DisplayPort ce, PlayStation kuwa ba ta da wannan ramin sam. Shi ya sa ake gwada maka da kwamfuta a shago. Ka ɗauki injinka ka je da shi, da dikodarka, da wayarka ta HDMI. Mai shagon da ya hana ka jona naka, ka fita. In kai mai kwamfutar gem ne mai katin hoto na kirki, kai kaɗai a ɗakinka, to inci 27 ko 32 mai 1440p ya wadatar da kai, kuma a nan 144 tana da amfani. Wannan maganar daban ce.

Abin da ya fi damun mai buga FC ko eFootball shi ne jinkiri tsakanin danna hannu da motsin ɗan wasa. Tibi da yawa in ba a sa su a Game Mode ba, jinkirin yana kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yara su yi ta zagin hannun gem suna buga shi da ƙasa alhali lafiyarsa ƙalau. A sa Game Mode, a kashe duk wani abin santsin motsi, sai jinkirin ya sauko. Tibin da ba ta da wannan a menu, ba ta gidan gem ba ce komai girmanta. Haka lambar 120 ko 200 da ake bugawa a kwali da sunan motsi, galibi fanel ɗin 60 ne.

Kwalin ma kansa kada ka yarda da shi. Akwai masu rubuta 4K da manyan baƙi, ka shiga ciki ka tarar fanel ɗin 1366 sau 768 ne, siginar kawai yake karɓa ya matse ta. Na gaske 3840 sau 2160 ne. Kuma gidan kallon da dikodarsa 1080 take fitarwa, mutane na zaune mita huɗu ko biyar, bai da buƙatar biyan kuɗin 4K, girma yake buƙata. Akwai kuma masu manna sunan babban kamfani a goshin tibi, ka buɗe baya ka ga bod ɗin gama-gari na kasuwa. Ka je da awo. Daga kusurwa zuwa kusurwa, gilashin kawai ban da firam, inci 43 santimita 109 ne, inci 55 kuwa 140. Na sha auna wadda aka sayar a matsayin 50 ta fito 43.

Ka tsaya a gefe ka kalla, can gefen da bencinka na bango zai kasance. Fanel iri-iri ne: TN tana wanke launi da ka gusa kaɗan. VA tana da baƙi mai kyau amma gefenta da rauni. IPS ce ta fi haƙuri da taro. Mai lanƙwasa kuwa, na faɗa zan sake faɗa, kujera ɗaya aka yi wa. OLED tana da kyan da ba a musu, amma gidan da tambarin tasha da akwatin ci suke wuri guda awa goma kullum, inuwarsu za ta zauna a gilashin.

Sai wuta, wadda ita ce ke kashe mafi yawan kayan da ake kawo min. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya koma sola, amma lissafi ba a yi. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12, abin da ya kamata ka ci a cikinsa rabi ne, wajen wat 1,200 na awa ɗaya. Tibin LED mai inci 43 tana cin wajen wat 80, ka ƙara dikoda da fanka, za ka yi awa shida cikin kwanciyar hankali. Ka ɗauko tsohuwar plasma ta gaske mai inci 50 don an yi maka araha, irin wadda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa tun 2014, ita kaɗai tana iya cin 300, wasan dare na biyu ba zai kai ƙarshe ba. Araha ba ta ado. PS5 kanta wajen 200 take ja in ana bugawa. Ka juya bayan kowane kaya ka karanta takardar: nawa yake ci, kuma bolt 100 zuwa 240 aka rubuta ko 110 kawai. Inbata mai gurnani a sifika da zafafa adafta, ba tsarkakakkiyar wuta take bayarwa ba. Ƙaramin janaretan da ke tari in mai ya kusa ƙarewa, a cire kaya kafin ya mutu, a kuma bar shi ya daidaita kafin a jona. Adafta kuma ta asali, bolt daidai, amfiya daidai ko sama. Kada a yanke waya a ɗora a batir. Kada a yanke.

Kada kuma ka biya ƙarin kuɗi don an ce maka tibin simat ce, kana tunanin intanet za ta riƙe maka gida. Mu da muka ga rufe layukan waya a ƙarshen Satumban 2021 mun san dish da faifai da hadis na ajiyar bayanai ne suka yi aiki a lokacin. Ka duba yawan ramukan HDMI, aƙalla biyu, don cire-sa kullum shi ke sassauta rami. Ka duba mafitar sauti. Ka sa fari tas da baƙi tas a allon ka nemi ɗigo da layi da tabon haske.

Ƙurar hunturu da zafin bazara a ƙarƙashin kwano ba silin suna cinye fitilun baya. A rage hasken bakilait daga ɗari, a bar tazara tsakanin allo da bango, a daina rufe ramukan iska da zanin ado. Ruwan goge gilashi ba a fesa shi kai tsaye, yana gangarawa ƙasa ya ci ribon.

Hanyarmu kuma ta kusa kilomita 120 daga Kaduna, kowa ya san ramukanta, ta Funtuwa ma haka. Allo a tsaye ake ɗauko shi, cikin kwalinsa da farin sosonsa, a kujerar baya, kai kana riƙe da shi. Ka biya kuɗin kujera biyu. Kada ka bari yaran tasha su kwantar da shi a but su ɗora buhu a kai, ko su ɗaure shi a saman Golf da igiyar roba. Fanel in ya tsage ba ya gyaruwa, canza shi kuma ya kusa kuɗin sabuwa. Kafin ka bar shagon, ka sa a rubuta maka lambar jikin kayan a rasit da adadin kwanakin da za ka iya dawowa da shi, mai shagon ya sa hannu a gabanka.