Sabon Aikin Malanta: Binciken Makamashi da Sauyin Yanayi

Darasi domin hakimai da malamansu na ƙasar Maska da ƙasar Galadima

An rubuta wannan ɗan littafi ne domin iyayen ƙasa, watau hakimai, da malaman da ke riƙe musu da takardu. Dalili kuwa shi ne, wani irin aiki ya ɓullo wanda yaranmu ba su san ƙofarsa ba, iyayensu ma ba su san sunansa ba, alhali shawarar da masu yinsa su ke bayarwa tana isa har cikin gonakinmu da madafanmu. Masu aikin nan kashi biyu ne. Akwai masu bincike, waɗanda ke auna abin da jama'a ke ƙonawa domin girki da haske da ban ruwa, sa'an nan su ba Gwamnati shawara a kan dokar da za ta kafa da inda za ta zuba kuɗi. Akwai kuma masu wayar da kai, waɗanda ke kai wa talakawa bayanin sauyin yanayi, su kuma ɗauki kukan talakawa su kai gaban mahukunta.

Aikin ba baƙo ba ne

Kada sunan ya firgita kowa, gama malaman hakimi na dā sun yi irinsa. A zamanin En'e, kowace shekara malami ya kan bi dagatai ƙauye ƙauye, ya rubuta magidanta domin haraji, ya ƙidaya shanu domin jangali. Malamin gona yana rubuta ruwan da ya sauka, malamin sikeli kuma yana rubuta nauyin audugar da za a kai injin gurza na Funtuwa. Talakawa ba su son waccan ƙidaya, kowa ya san dalili, kuma an yi murna sa'ad da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna cikin 1979. Amma da haraji ya tafi, littafin ƙidaya ma sai ya bi shi. Yau hakimai nawa ne za a tambaya yawan rijiyoyin burtsatse da ke ƙasarsu, su buɗe littafi su faɗa?

Ƙasar nan ta taɓa ganin amfanin ƙidaya irin ta zamani. Cikin 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gwambe. Ba taki da iri da hanyoyi kaɗai aka kawo ba, har da malaman ƙidaya masu auna gonaki da nauyin amfanin da aka girbe. Da lissafinsu aka tabbatar cewa masara tana karɓar ƙasar nan, aka kuma yi hujjar buɗe irin wannan shiri a sauran jihohi. Aikin da mu ke magana a kai yanzu ƙanen wancan ne.

Abin da ya kawo shi

Man fetur da dizal da kwal, idan aka ƙone su, suna fitar da wata iska da a ke kira kabon. Ita ba ta hana zafin rana saukowa ƙasa, amma tana tare shi wajen komawa, kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iskar sama, 280 ne kabon. Yanzu ya zarce 420, zafin duniya kuwa ya ƙaru da fiye da digiri 1. Saboda haka ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Faris cikin 2015, Nijeriya ta tabbatar da shigarta cikin 2017. Cikin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo cewa kafin 2060 abin da Nijeriya ke fitarwa ba zai fi abin da ta ke iya shanyewa ba, ya kuma sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a shekarar. Cikin 2023 sabuwar Dokar Lantarki ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Kowace doka cikin waɗannan tana bukatar ma'aikata masu lissafi, kuma inda ba a sami ɗan gida ba, baƙo za a ɗauko.

A nan lalle ne mu yi gargaɗi. Ba kowace ɓarna ce za a ɗora wa sauyin yanayi ba. An yi yunwar Kakalaba cikin 1914, an yi fari cikin 1973 da 1984. Wanda ya sare kurmi ya yi gawayi, ko ya gina gida a kan hanyar ruwa, ko ya nome burtali, kada ya ce Turawa ne suka jawo masa. Rarrabe wannan da wancan shi ne farkon aikin mai bincike.

Misali na lissafi

Ga darasi wanda kowane malami zai iya gwadawa. A ce wani kamfani yana so ya kafa ƙaramar tashar lantarki mai aiki da hasken rana a wani ƙauye mai gida 100, kowane gida yana bukatar ƙwai 3 masu ƙarfin wat 10, a kunna su awa 5 da dare. Idan aka ninka 100 da 3 da 10 da 5, za a sami 15,000, watau yunit 15 a yini. Farantin sola mai wat 400, a ranar ƙasarmu, yana ba da kimanin yunit 2, in an ɗebe asara a ce ɗaya da rabi. Ashe faranti 10 sun ishi ƙauyen haske.

To, amma a ƙauyen akwai mai injin niƙa, wanda injinsa ke cin wat 7,500. In ya yi niƙa awa 4, ya ci yunit 30, ninki biyu na dukan fitilun gari. Wanda ya zauna a ofis ya ƙidaya gidaje kaɗai, ya manta da mai niƙa da mai walda da mai sayar da ruwan sanyi, zai gina tasha ƙarama wadda za ta mutu cikin wata shida, jama'a su ce sola ƙarya ce. Bugu da ƙari, mai niƙa da rana ya ke aiki, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye ba sai an tara ta a batir ba, batir kuwa shi ne mai tsada. Shi ne kuma ya fi kowa iya biya, tun da dā ma kullum yana sayen mai. Ke nan a kansa tashar za ta tsaya ko ta faɗi. Wa ya san shi? Mai unguwa ya san shi, dagaci ya san shi, malamin hakimi kuwa shi ya kamata a sami sunansa a littafinsa.

Haka al'amarin ya ke a fadamu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, masu noman rani a wajajen Danja da Bakori da Kafur suka ɗanɗana kuɗar ban ruwa da inji, waɗansu suka koma neman famfo mai aiki da rana. Abu ne mai kyau, amma yana da ƙaya a ciki. Mai sayen fetur ya kan kashe inji da zarar gona ta ƙoshi, don tsoron aljihunsa. Wanda rana ke ja masa ruwa kyauta ba abin da zai tsawata masa. In famfuna suka yi yawa a fadama ɗaya, ruwan ƙasa zai yi nisa, mai ƙaramar rijiya ya rasa, rigima ta zo zauren hakimi. Sai a tuna kuma cewa Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau zuwa madatsar Bakolori. Abin da muka yi wa ruwa da itatuwa a nan, mutanen can za su ji a jikinsu. Wanda zai auna zurfin rijiyoyi shekara shekara, ya faɗa wa Gwamnati famfo nawa fadama za ta ɗauka, shi ne mai binciken da mu ke nufi.

Hanyar shiga

Yaron da a ke so ya bi wannan hanya, ya riƙe lissafi da kimiyya da labarin ƙasa da Turanci tun daga sakandare. A jami'a ƙofofin suna da yawa: injiniya, aikin gona, ƙididdiga, tattalin arziki, har da shari'a, domin doka sai da mai rubuta ta. Ba sai an tafi Ingila ba. Ga Samaru nan kusa, inda a ke binciken aikin gona tun 1922, yanzu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma. Wuraren aiki kuwa sun haɗa da Hukumar Makamashi ta Nijeriya, da Hukumar Kai Lantarki Karkara, da Hukumar Kula da Yanayi, da hukumar shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Katsina tana cikin jihohi 11 da ya shafa, ban da ma'aikatun jiha da kamfanonin sola. 'Yan Arewa sun riga sun kai ƙololuwa a fannin: Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabanci Hukumar Makamashi, Hajiya Amina Mohammed kuma ta riƙe Ma'aikatar Muhalli daga 2015, kana ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2017.

Muna roƙon iyayen ƙasa kada a bar 'yan mata a baya, kuma ba don ado mu ke faɗi ba. Mafi yawan makamashin da gidajenmu ke ci itace ne da kara da gawayi, a madafa a ke ƙone su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara. Namiji baƙo iyakarsa zaure, sai ya tambayi maigida, wanda bai taɓa hura wuta ba. Mace ce za ta shiga ta auna dami, ta ga dalilin da ya sa uwargida ta jingine sabon murhun da aka raba, wataƙila don tukunyar tuwonta ba ta zama a kansa.

Gaskiya ɗaya ba za mu ɓoye ba: guraben ba su da yawa, waɗansu kuma na wa'adi ne, in shiri ya ƙare aiki ya ƙare. Saboda haka yaro ya fita da sana'a a hannu, ko iya haɗa sola, ko iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta.

Masu wayar da kai

Wannan kashi ya fi sauƙin shiga, shi ya sa ya fi tara 'yan buga-buga. Mai dasa itace ɗaya ya ɗauki hoto goma ba shi mu ke nufi ba. A dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace bazara suna da rai a ƙasa. In an bar reshe biyu ko uku a kan kowanne, an sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Manoma suka ɗauka, suka koya wa juna, har aka kiyasta ƙasar da ta farfaɗo a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5. Abin lura shi ne, bai bazu ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba. Ga kuma misali daga gida: injunan iska 37 na Lambar Rimi, masu ƙarfin megawat 10, sun shafe fiye da shekara goma a na jiran kammala su. Mai wayar da kai na gari shi ne wanda zai bi irin wannan aiki da tambaya, cikin ladabi, da takarda a hannu.

Abin da a ke bukata daga ofishin hakimi

Kowane malami ya buɗe littafi mai bango mai ƙarfi, kowane dagaci da shafinsa. A rubuta injunan niƙa da na ban ruwa da irin man da su ke sha, rijiyoyin burtsatse masu aiki da matattu, asibitoci da makarantu masu wuta da marasa wuta, da kuɗin damin itace da buhun gawayi a kasuwa ran farkon kowane wata. A rubuta ranar ruwan shuka da ranar ɗaukewar ruwa. In akwai ma'aunin ruwan sama, a kafa shi a fili nesa da itace da bango, a duba shi kowace safiya a lokaci ɗaya. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, ranar da ba a duba ba kuwa a bar gurbin fari, kada a cika shi da ka. Tun da fari a sa dagatai su bayyana wa jama'a cewa wannan ƙidaya ba ta haraji ba ce. Ɗalibin da ya zo bincike da takardar makarantarsa, a haɗa shi da ɗan rakiya, a faɗa masa hanyoyin da ba su da lafiya, a kuma nemi ya aiko da kwafin abin da ya gano, da Hausa, a ajiye a ofis.