Amsa ga Mai Tambaya daga Jekadafari

Malam mai sauraronmu daga Jekadafari a birnin Gombe, ka tambaya ko wace ce ta fara shahara da ƙagaggun labaran binciken kisan kai a Amurka. To, malaman adabi sun fi ambaton Anna Katharine Green, wadda aka haifa a 1846, 'yar wani lauya, wadda ta fara da rubuta waƙa, amma da ba ta sami karɓuwa ba sai ta wallafa "The Leavenworth Case" a 1878, littafin da hujjojinsa da shaidunsa suka jeru tamkar a gaban alƙali, shekara tara kafin bayyanar Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na ƙagaggun labarai. Ta rasu a 1935. Allah ya sa mun gamsar da kai.