Darasi: Yadda Ake Ƙera Motar Gudu

Dukanmu mun san mota. Ita ke kai mu Ringim da Gumel da Kano, ita ke ɗaukar kayanmu zuwa kasuwar Maigatari. Amma akwai wata iri da ba safai muke gani a Garki ba. Ana ce da ita motar gudu. Gajeriya ce, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, galibi kujerunta biyu ne tak. Waɗansu sukan yi fiye da kilomita 300 cikin awa guda. Ke nan da a ce hanya miƙaƙƙiya ce babu kowa a kanta, sai ta tashi daga Kano ta isa Kaduna awa ba ta cika ba.

Yaya ake ƙera ta? Bari mu duba masana'antar Ferrari da ke garin Maranello, a ƙasar Italiya. Enzo Ferrari ne ya kafa ta, motarsa ta fari ta fito a 1947. Tambarinta baƙin doki ne ya ɗaga ƙafafun gaba.

Da farko akan zuba gangar injin. Mun sha ganin masu zubin tukwanen dalma: su danna siffar tukunya cikin ƙasa, su narke ƙarfe su zuba, in ya huce su fasa. To, can ma haka ake yi, da yashi da alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi. Daga nan na'ura ta goge shi, ta huda ramuka, a auna kowane rami. In awo ya kauce ko da kaurin gashi ne, sai a ware wannan.

Na biyu, a haɗa jikin motar. Waɗansu wuraren mutane ke yin walda, waɗansu kuma na'urori masu dogayen hannuwa waɗanda kwamfuta ke bi da su. Sa'an nan a tsoma jikin cikin ruwan maganin tsatsa, a fesa fenti, a busar da shi cikin ɗaki mai zafi.

Na uku, aikin dukanci. Akan shimfiɗa fata a duba inda kaska ko ƙaya ta yi tabo, a kauce masa wajen yanka. Maɗinka su ɗinka, a lulluɓe kujeru da sitiyari.

Na huɗu, haɗawa. Motar ce ke tafiya sannu sannu a kan layi, ma'aikata suna jiranta kowa a wurinsa. Wannan ya sa wayoyin wuta, wancan ya sa birki, waɗansu su ɗora inji da giya, na gaba ya ɗaura tayoyi. Henry Ford ne ya kawo wannan dabara cikin aikin mota a Amurka a 1913. Haɗin da ke cin fiye da awa 12 ya koma kamar awa ɗaya da rabi. Amma motar gudu ba a gaggawa da ita. A 2023 motocin da Ferrari ya sayar duk duniya ba su kai 14,000 ba.

Na biyar, gwaji. Akan feshe ta da ruwa a ga ko tana yoyo, direba kuma ya fita da ita hanya ya gwada birki da sitiyari. Dalili kuwa, noti ɗaya in ya kwance ana tsakiyar gudu, rai ne zai salwanta.

Mu ma a Arewa an yi irin wannan aiki. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. A shekarun farko jirgin sama ke kawo kayan daga birnin Liyon na Faransa, ya sauke a Kano, manyan motoci su kai Kaduna, mutanenmu su haɗa. Can aka haɗa 504, wadda direbobin haya suka sani sarai. Ita ba motar gudu ba ce. An yi ta da tsayi da ƙwari don ta jure ramuka da yashi, inda Ferrari za ta maƙale.

Ashe mota ba siddabaru ba ce. Ƙira ce da dukanci da ɗinki, aka haɗa su da awo na gaskiya da bincike. Saboda haka in za mu shiga mota, mu dubi tayoyinta. In direba ya cika gudu, kada mu ji nauyin yi masa magana.

Tambayoyi

1. Wace sana'a tamu ce ta yi kama da zubin inji?
2. Me Henry Ford ya kawo a 1913?
3. Don me ake gwada mota kafin a sayar?
4. Me ya sa 504 ta fi dacewa da hanyoyinmu?