Abubuwa Huɗu Da Ke Riƙe Mota A Hanya

Duk direban da ya taso daga Agadez, ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun har ya isa Sabha, ko ya zarce Tamanhint mai nisan kimanin kilomita 30 a arewa maso gabas, ya san fetur rai ne a wannan hanya. Sai dai ba kowa ya san inda man yake tafiya ba. Injin yana ƙona shi ne wajen kokawa da abubuwa huɗu.

Na farko iska ce. Mota mai gudu sai ta keta iskar da ke gabanta, ita kuma iskar tana tura ta baya. Idan ka ninka gudunka sau 2, turjiyar iska ninkuwa take sau 4. Kayan da aka jibga a kan Hilux har suka yi tsiri suna ƙara faɗin inda iska za ta doka. Balle a ce mota ta fuskanci gibli, iskar nan mai zafi da ƙura da ke tasowa daga kudu.

Na biyu taya ce da ƙasar da take takawa. Taya tana lotsawa tana miƙewa a kowane juyi, ƙarfin injin yana salwanta ya koma zafi. A kwalta asarar kaɗan ce. A rairayi mai laushi takan ninka fiye da sau 10, domin taya nutsewa take, kullum tana hawan tudun da ita ta tara wa kanta. Shi ya sa ake rage iskar taya a yashi don ta baje, kada mota ta kafe. To, da an hau kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Na uku gogayyar ƙarafa ce a cikin injin da giya. Baƙin mai da giris su ke rage ta, ƙurar wannan hanya kuwa saurin lalata su take.

Na huɗu nauyi ne. Mota mai lodi ta fi wahalar tashi, ta fi wahalar hawan tudu, ta kuma fi wahalar tsayawa.

A lura, gogayya ba duka ce abar ƙi ba. Da ita taya ke kama hanya, da ita burki ke ci. Inda yashi ya rufe kwalta, kamun yakan ragu. Kuma mai gudun kilomita 120 yana bukatar nisan burki ninki 4 na mai gudun 60.

Saboda haka, direbobi da yaran mota, a sassauta totur, a daidaita lodi, a duba taya da baƙin mai kafin a tashi. Sauri kan haifi nawa. Allah ya sauke mu lafiya.