Wane Irin Ma'aikaci Kasuwar Fasahar Zamani Ke Nema a Najeriya? Darasi ga Matasan Beli, Rogo da Karaye

Matashin da ya gama sakandare a Beli, yana riƙe da wayar Android, kuɗin data kuma sai ya yi dabara, ba shi da shekarun da zai ɓata kan koyon abin da ba mai saya. Tallace-tallacen Facebook da TikTok suna ce masa ya koyi rubuta manhaja cikin wata uku ya fara karɓar dala. Wasu kuma suna ce masa ƙirƙirarriyar basira ta riga ta cinye ayyukan, kada ya wahalar da kansa. Duka maganganun biyu akwai ƙarin gishiri a cikinsu. Wannan darasi zai duba yadda kasuwar aikin fasaha ta sauya a Najeriya, irin mutanen da take nema yanzu, da yadda mai zaune a ƙauye zai auna buƙatar da kansa kafin ya zaɓi hanya.

Yadda kasuwar ta tashi, da yadda ta juya

A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Legas. Tsarinsa shi ne ya ɗauki matasa masu ƙwaƙwalwa, ya koya musu rubuta manhaja yana biyansu, sannan ya haɗa su da kamfanonin Amurka. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a cikinsa. Amma a Satumban 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya, Kenya da Uganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa ƙwararru masu shekaru a bakin aiki suke nema. Wannan ita ce alamar farko ta abin da ya zama ruwan dare daga baya.

A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, kan sama da dala miliyan 200. Kuɗin masu zuba jari suka yi ta kwarara a 2021 da 2022, kamfanoni suna ɗaukar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Daga 2023 kuɗin suka ja baya, aka shiga rage ma'aikata, har Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas a 2024.

Abubuwa biyu suka ƙara dagula lissafin. Na farko, fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 ta sa ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga, kamar rubuta ɗan gajeren shafi ko gyara ƙaramin kuskure, na'ura tana yinsu cikin daƙiƙoƙi. Na biyu, faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta sa ƙwararru da yawa suka koma yi wa kamfanonin waje aiki daga gida, ko suka tattara suka tafi Ingila, Kanada da Jamus. Sakamakon haka kasuwar ta cika da sababbin shiga masu takardar kammala kwas, alhali kamfanoni suna kukan rashin wanda za a danƙa wa aiki a juya baya.

Don haka darasin farko: abin da ake saya yau shi ne hujjar cewa mutum ya taɓa warware wata matsala ta gaske. Takardar kwas ita kaɗai ta daina buɗe ƙofa.

Rukunan ayyukan da ake nema

*1. Ayyukan da ke kusa da gida.* Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da manoma zuwa tura kuɗi ta waya. Moniepoint, OPay da PalmPay suka shiga kasuwannin ƙauye, kuma a Oktoban 2024 darajar Moniepoint ta kai dala biliyan ɗaya. Bayan mai zaman POS, waɗannan kamfanoni suna buƙatar masu yi wa 'yan kasuwa rajista, masu kula da wakilai, da masu amsa ƙorafin jama'a da Hausa. Haka nan tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aikin haɗa sola ya samu kasuwa. Gyaran waya, wanda kasuwar Farm Centre a Kano ta zama makarantarsa, har yanzu yana ciyar da gidaje. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, aikin da ke buƙatar masu haɗa waya da masu kula da na'urori.

*2. Tattara bayanai da nazarinsu.* Ƙungiyoyin lafiya da kamfanonin noma ba sa iya aiki sai da alƙaluma daga ƙauyuka. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, ta yi suna wajen amfani da taswirar zamani da wayoyi a yaƙi da shan inna. Kamfanoni irin su Babban Gona da ThriveAgric suna tura ma'aikata gonaki da manhaja a waya, suna auna fili suna yi wa manoma rajista. Ƙaramar hukumar Rogo ƙasar masara ce da rake, Karaye kuma tana da madatsar ruwa ta Challawa da noman rani. Wanda ya tashi a nan ya san bambancin fadama da tudu, ya san yadda ake magana da mai unguwa. Idan ya ƙara da iya KoboToolbox da Excel ko Google Sheets, ya zama irin mutumin da ake nema. Mataki na gaba shi ne SQL da Power BI, inda albashi ke fara tashi.

*3. Aikin harshe.* Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sa jin Hausa sai an ciyar da su da rubutu da murya, an kuma samu mai duba kurakuransu. Masu bincike na HausaNLP da Masakhane sun daɗe a kan wannan, Mozilla Common Voice tana karɓar muryoyin Hausa, kuma a Afrilun 2024 ma'aikatar sadarwa ta sanar da haɗin gwiwa da kamfanin Awarri don gina manhaja mai jin harsunan Najeriya. Sharaɗin wannan aiki shi ne ƙa'idar rubutu. Wanda ke haɗe "ya ce" wuri guda, ko bai damu da bambancin "ƙasa" da "kasa" ba, sai ya gyara hannunsa tukuna. Aiki ne da mata za su iya yi daga cikin gida, sai dai yakan zo ne a kwangila, yau akwai gobe babu.

*4. Rubuta manhaja.* Har yanzu nan ne kuɗi suka fi yawa, nan ne kuma gasa ta fi zafi. Mai farawa daga HTML, CSS da JavaScript, ko daga Python, ya sa a ransa shekara ɗaya zuwa biyu na aiki kullum. Abin da ya sauya shi ne ana sa ran ya iya amfani da ƙirƙirarriyar basira, ya kuma gane idan ta rubuta shirme. Wanda bai fahimci tushe ba ba zai gane ba.

*5. Tsaron intanet da kare bayanai.* A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan mutane su naɗa jami'in da zai kula da wannan fanni. Bankuna ma kullum suna fama da 'yan kutse. Amma ba a cika shiga wannan aiki kai tsaye ba. Yawanci sai mutum ya fara da kula da kwamfutoci da hanyoyin sadarwa a wani ofis, makaranta ko cibiyar jarrabawar JAMB.

Inda ake koyo

A Oktoban 2023 ministan sadarwa Dakta Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da mutum miliyan 3, tare da hukumar NITDA da Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta. Rukunin farko mutum 30,000 ne, na biyu 270,000, a fannoni 12 da suka haɗa da rubuta manhaja, nazarin bayanai, zanen fuskar manhaja da tsaron intanet. Kyauta ne. Sai dai adadin kansa darasi ne: idan dubban ɗaruruwa suna riƙe da takarda iri ɗaya, abin da mutum ya gina da hannunsa ne zai bambanta shi.

A Kano akwai CITAD, Startup Kano, Blue Sapphire Hub da reshen Digital Bridge Institute. Arewa Data Science Academy tana koyar da Python da nazarin bayanai ta intanet. A Kaduna akwai CoLab. Tun da Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, bai kamata ɗan Beli ya tsaya kallon Kano kaɗai ba. Tarukan masu fasaha na Zariya ma nasa ne.

Da waya ana iya farawa. Sololearn da freeCodeCamp suna buɗewa a kanta, Pydroid 3 tana gudanar da Python ba tare da data ba, Acode tana rubuta shafin intanet. Amma waya tana da iyaka, kuma wanda ya zaɓi rukuni na huɗu ko na biyar dole wata rana ya mallaki kwamfuta ko da ta hannu ce. Hanya mai ma'ana ita ce kuɗin da rukuni na farko ko na biyu ya kawo su sayi kwamfutar. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ya fi kyau a sauke darussa da tsarin dare a kalla da rana.

Aikin gwaji: auna kasuwa da waya

Wannan aiki yana ɗaukar kamar mako guda, kuma ya fi shawarar kowa amfani.

1. A buɗe Jobberman, MyJobMag da LinkedIn, a nemi fanni ɗaya, misali nazarin bayanai.
2. A tattara tallan aiki 20 na watanni uku da suka wuce.
3. A buɗe Google Sheets a yi layuka biyar: sunan aiki, gari, shekarun gogewa, kayan aikin da aka ambata, da ko ana neman digiri.
4. A ƙirga sau nawa kowane kayan aiki ya fito. Uku na sama su ne manhajar karatu.
5. A ware tallan da suka ce Kano, Kaduna, Katsina ko aiki daga gida, da waɗanda suka ambaci jin Hausa.
6. A maimaita da wani fannin, a kwatanta.

Mafi yawan tallan da Turanci suke, kuma hirar ɗaukar aiki ma haka. Wanda karanta su ya yi wa wuya ya gano darasinsa na farko tun kafin ya taɓa wata manhaja. Wanda ya kammala kuwa, ya riga ya yi aikin nazarin bayanai na farko ba tare da ya sani ba.

Yadda ake gina hujja daga Beli

Kamfani ya ga ɗaruruwan masu neman aiki da suka kwaikwayi manhajar lissafi ɗaya daga YouTube. Abin da bai saba gani ba shi ne aikin da aka yi wa mutane na gaske. Misali, matashi ya riƙa rubuta farashin buhun masara, waken suya da mazarƙwaila a kasuwar garinsu kowane mako har wata shida, ya zana yadda farashin ke hawa da sauka daga kaka zuwa bazara. Ko ya tsara wa mai POS littafin shiga da fita da ke nuna riba a ƙarshen rana. Ko ya mayar da rajistar ɗaliban makarantar unguwa cikin Sheets, ta riƙa fitar da sakamako da kanta.

Kowane aiki a rubuta bayaninsa a taƙaice: mece ce matsalar, me aka yi, me ya sauya. A ajiye a GitHub ko LinkedIn da hotuna, bayan an goge sunaye da lambobin mutane, domin bayanan jama'a amana ne kuma doka tana kare su. Ayyuka uku irin waɗannan sun fi takardun kwas goma nauyi a gaban mai ɗaukar aiki.

Tarkunan da za a kiyaye

Da Notcoin ta fashe a Mayun 2024, matasa da yawa suka koma danna waya dare da rana, har Hamster Kombat ta zo a Satumba ta bar galibinsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a. Ko an samu ko an rasa, watannin da aka kashe a wurin ba su bar wa kowa sana'ar da zai nuna ba.

A wajen neman aiki ma akwai 'yan damfara. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗin fom ko na horo kafin ya ɗauki mutum, ba ya tambayar lambar sirri ta banki ko lambar da aka turo ta saƙo. Shafin hukuma na 3MTT yana ƙarewa da gov.ng. Sannan akwai tarkon tsalle-tsalle: wannan wata zane a Canva, wata mai zuwa Python, na gaba tsaron intanet. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya yi aikin gwajin nan a wannan mako, ya zaɓi fanni ɗaya bisa abin da alƙalumansa suka nuna, ya ware awa biyu a kullum, ya kuma sa wa kansa ranar da aikin farko zai kasance a hannun wani mai amfani da shi, ko da mai shagon bakin tasha ne.