"A Kai Ni Gida": Nazari a Kan Tunawa da Tsofaffin da Suka Huta

Karatu: Farawa 23:1-20, 35:16-20, 49:29 zuwa 50:26, Ibraniyawa 11:13-22

Akwai magana guda wadda tsofaffi masu bi a Bulumkutu sukan bar wa 'ya'yansu sa'ad da ciwo ya yi tsanani: "In na mutu, a kai ni gida." Gidan da suke nufi ba wanda suka gina da kuɗin sallama a nan yammacin Maiduguri ba ne. Suna nufin ƙauyen da aka binne cibiyarsu, a ƙasar Biu ko Askira, Chibok ko Lassa, ko bayan dutsen Gwoza. Waɗansu 'ya'ya sun iya cika wannan wasiyya. Waɗansu kuwa ba su iya ba, ko don hanya ba ta biyuwa, ko don ƙauyen ya zama kufai, ko don kuɗin motar gawa ya fi ƙarfinsu. Suka binne tsohonsu a Maiduguri, suka koma da kaya biyu a ka: baƙin cikin rashi, da zargin zuci cewa sun ci amanar mamaci. Wannan darasi domin su ne, da kuma domin ikkilisiyar da take zaune tare da su.

Su wane ne waɗannan tsofaffi?

Wanda ya huta a 'yan shekarun nan yana da shekara 80, an haife shi ne a tsakiyar shekarun 1940. A lokacin bishara ba ta daɗe da shiga ƙasar iyayensa ba, gama ran 17 ga Maris 1923 ne Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Wato wannan tsoho ya ga masu bi na fari da idonsa, ya ji daga bakinsu abin da ya same su sa'ad da suka bar tsafin gidansu. Waɗansu daga cikin tsararsa sun yi karatu a makarantun Waka kusa da Biu. Da Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, daga baya kuma na Jihar Borno a 1976, aiki ya jawo su: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, direbobi, magina. Suka nemi fili a bayan gari, suka gina ɗaki ɗaya, suka ƙara wani.

A wannan unguwa ce tarzomar Maitatsine ta ɓarke a watan Oktoba 1982. Sun ga Fabrairu 2006, sa'ad da aka ƙone majami'u a cikin gari, sun kuma ga Yuli 2009. A 2014, shekarar da aka kwashe 'yan matan Chibok a Afrilu, Gwoza ta faɗi a Agusta, aka kuma mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoba, gidajensu suka cika da dangi har tsakar gida. Tare da waɗannan dangi ne kashi na biyu na tsofaffin suka iso, waɗanda ba su taɓa niyyar zaman birni ba. Sun zo da tsufansu, waɗansu a ƙafa, ba ko tabarma.

Ga abin da ya kamata ya hana dattawan ikkilisiya barci. Majami'un da aka ƙone a ƙauyuka sun ƙone tare da littattafan baftisma da na aure. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a Satumba 2024 ta lalatar da hotuna da takardu a gidaje masu yawa na Maiduguri. Saboda haka akwai ikkilisiyoyin da ba su da wani littafin tarihi yanzu sai kan tsofaffinsu. Duk wanda aka binne ba a tambaye shi ba, an binne shi da sunan mai bisharar da ya fara shiga ƙauyensu, da iyakar gonar kakansa, da waƙoƙin yabo na harshensa waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

Kabarin da aka saya a baƙunci

Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. Ibrahim ya yi kuka dominta, sa'an nan ya tashi ya tafi wurin Hittiyawa, ya bayyana musu cewa shi baƙo ne a cikinsu, ba shi da inda zai sa gawarsa. Mai karatu ya lura da abin da Ibrahim bai yi ba: bai ɗauki Saratu ya koma da ita Haran inda danginsu suke ba, balle Ur inda aka haife shi. Ya nemi kogon Makfela daga hannun Efron, ya ƙi karɓarsa kyauta, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari. Mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasa duka, abin da ya riƙe da shaidar saye shi ne gona ɗaya da kogon kabari.

Bayan tsara biyu, Yakubu yana kwance a Masar, inda ya yi shekara 17, ya sa Yusufu ya rantse masa cewa ba za a binne shi a can ba. Ya lissafta waɗanda suke kwance a Makfela: Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu. To, gidan da Yakubu yake marmari, ai shi ne wurin nan da kakansa ya saya yana baƙo. Abin da yake baƙunci ga kaka ya zama gida ga jika. Iyalin da suka binne mahaifinsu a Maiduguri suna jin kamar sun yar da shi a hanya, su yi tunani a kan wannan. Jikokinsa a nan aka haife su, a nan aka yi musu baftisma, Hausa ce a bakinsu fiye da Bura ko Margi ko Glavda. Mai yiwuwa kabarin nan ne zai zama Makfela ɗinsu.

Littafi Mai Tsarki bai raina marmarin komawa gida ba. An cika wa Yakubu wasiyyarsa da girma: kwana 40 ana shafe gawarsa da magani, Masarawa suka yi makoki kwana 70, karusai da mahaya suka raka shi, aka ƙara kwana bakwai na kuka a masussukar Atad. Amma Yusufu mai mulki ne, na biyu ga Fir'auna, hanya kuma a buɗe take. Wanda Allah ya ba hali, hanya kuma ta yi kyau, ya kai tsohonsa gida, ya yi daidai. Sai dai Yakubun nan da kansa, matar da ya fi ƙauna bai kai ta Makfela ba. Rahila ta mutu wajen haihuwar Biliyaminu suna cikin tafiya, ya binne ta a gefen hanyar Baitalami, ya kafa al'amudi. Har a gadon mutuwarsa yana ambaton wannan da ciwo (Farawa 48:7). Ciwon ya daɗe, amma babu inda aka lasafta masa shi laifi.

Wannan yana da muhimmanci domin wani tsoro da yakan kutsa ko cikin gidajen masu bi. Yaro ya kwanta ciwo bayan jana'iza, ko ciniki ya tsaya, sai a fara raɗa cewa tsoho ne yake fushi don ba a kai shi gida ba. Daga nan sai neman mai duba, sai yanka a ɓoye. Maimaitawar Shari'a 18 ta hana neman shawara wurin matattu. Bulus kuma, da yake ta'azantar da Tasalonikawa, ya kira masu bi da suka mutu waɗanda suka yi barci, suna jiran zuwan Ubangiji. Mai barci cikin Almasihu ba ya yawo yana bin jikokinsa da zazzaɓi.

Akwatin Yusufu

Yusufu, wanda ya kai mahaifinsa gida, shi ba a kai shi ba. Ya mutu yana da shekara 110, littafin Farawa kuwa ya ƙare da gawarsa cikin akwati a Masar. Abin da ya roƙa shi ne, ranar da Allah zai fitar da jama'arsa, su tafi da ƙasusuwansa. Abin mamaki, da marubucin Ibraniyawa ya zo zaɓar abu ɗaya daga rayuwar Yusufu don misalin bangaskiya, bai ɗauki rijiya ba, ko gidan Fotifar, ko kurkuku, ko rumbunan hatsi. Wannan wasiyya ya ɗauka.

Tsara ta bi tsara. Aka yi sarkin da bai san Yusufu ba, amma bayi masu yin tubali sun san shi. A daren fitowa, cikin gaggawar da ko ƙullu ba a jira ya kumbura ba, Musa ya tuna da ƙasusuwan (Fitowa 13:19). Aka yi ta yawo da su shekara 40 a jeji, sai bayan an ci ƙasar aka binne su a Shekem (Joshuwa 24:32). Yaya Musa ya sani? Domin wata kaka ta faɗa wa jikanta, shi kuma ya faɗa wa nasa. Ba akwatin ya riƙe alkawarin ba, labarin ne ya riƙe akwatin. Darasin ba na tone kaburbura ba ne in zaman lafiya ya dawo. Na labari ne. Littafin Mahukunta 2:10 ya nuna abin da yakan faru in labari ya yanke: bayan tsarar Joshuwa, aka yi wata wadda ba ta san Ubangiji ko ayyukansa ba.

Tarihin marigayi

A kowace jana'iza akan karanta tarihin marigayi. Sau da yawa wani ɗa ne yakan rubuta shi cikin dare, a gaggauce, don mai buga takarda yana jira: an haife shi shekara kaza, ya yi aiki wuri kaza, ya yi ritaya, ya bar 'ya'ya da jikoki kaza, mutum ne mai tsoron Allah. A canza suna, sai ya dace da kowa. Iyalin da suka yi mako biyu suna shawara a kan anko da rumfa da saniya, gawa tana cin kuɗi a ɗakin ajiya, su ne suka ba tarihin shekara 80 rabin sa'a.

Gwauraye na Yafa sun fi wannan. Da Bitrus ya shiga benen da aka kwantar da Dokas, ba jawabi suka yi masa ba. Riguna suka nuna masa, waɗanda ta ɗinka da hannunta (Ayyukan Manzanni 9). Haka ya kamata tunawa ta zama: a faɗi mutum nawa suka kwana a ɗakin Mama a 2014, wa ta biya wa kuɗin makaranta da ribar ƙosai, wace waƙa take tayarwa a zumuntar mata. Bulus ma da ya tuna wa Timoti tushen bangaskiyarsa, da suna ya kira kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Kwanakin zaman makoki su ne dama mafi kyau, wataƙila ta ƙarshe. A nan ne tsaran marigayi sukan taru, 'yan'uwa daga Yola da Jos da Abuja, har da maƙwabta Musulmi waɗanda ba sa wasa da gaisuwar ta'aziyya, waɗanda kuma sukan san alherin da ya yi a unguwa fiye da 'ya'yansa. Matashi ɗaya da wayar hannu da littafin rubutu ya isa. Ya zauna kusa da Baba ko Kaka da ladabi, ya bar su su yi magana da harshensu, fassara ta biyo baya. A yi kofi fiye da ɗaya, a ajiye a gidaje dabam dabam, a kai ɗaya wurin magatakardan ikkilisiya. Wuta da ruwa sun riga sun koya wa Borno dalilin haka.

A kuma faɗi gaskiya. Littafin da ya girmama Yakubu bai ɓoye ruɗin da ya yi wa mahaifinsa ba, ko fifikon da ya nuna tsakanin 'ya'yansa. Ba a bagade ake tona asirin mamaci ba, amma yabon da kowa ya san ƙarya ne yakan ƙara wa waɗanda aka ɓata wa rai ciwo, yakan kuma koya wa yara cewa maganar majami'a dabam take da ta gida.

Bayan an kwashe rumfa

Da aka dawo daga jana'izar Yakubu, 'yan'uwan Yusufu suka tsorata, suna tsammani tsohon ne kaɗai ya tsare su daga ramuwa. Haka yake har yau. Tsoho yakan zama igiyar da ta ɗaure kayan gida, in ta tsinke sai maganar fili da gida da kuɗin fansho ta tashi, musamman inda 'ya'ya ba uwa ɗaya ba. Yusufu ya yi kuka, ya kwantar musu da rai, ya ɗauki nauyin ciyar da su da 'ya'yansu. Kafin shi, Ishaku da Isma'ilu sun tsaya tare suka binne Ibrahim, Isuwa da Yakubu kuma suka binne Ishaku. Fasto da dattawa kada su ɗauka aikinsu ya ƙare a bakin kabari. Wata na biyu da na uku, sa'ad da baƙi suka watse, bashin jana'iza ya fara ƙwanƙwasa ƙofa, gwauruwa tana cin abinci ita kaɗai, lokacin ne ake bukatar sawunsu a gidan.

Don tattaunawa

1. Iyali sun zo wurin dattawa da wasiyyar mahaifinsu ta a kai shi ƙauye, hanyar kuwa tana da hatsari, kuɗi kuma sai an ci bashi. Wace shawara za a ba su daga Farawa 23 da 35?
2. Tsofaffi nawa ne a wannan ikkilisiya suka haura shekara 75? Wa zai ziyarci kowannensu da littafin rubutu kafin fitowar mujalla ta gaba?
3. A jana'izar da aka yi kwanan baya, wa ya koma gidan bayan wata guda?