Darasi: Haƙƙin Hukuma da na Iyaye a kan Makarantun Sakandare Masu Zaman Kansu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ya ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi makarantun kuɗi, wato kwaleji da lise waɗanda ba gwamnati ce ta gina su ba. A shekarun 1990, lokacin da yajin aiki da jinkirin albashi suka dagula karatu a makarantun gwamnati, kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, iyaye da yawa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun karkata ga waɗannan makarantu. Daga cikinsu akwai madarisai masu haɗa Larabci da Faransanci, irin tsarin da aka soma a garin Say a 1957.

Abu na farko, makarantar kuɗi ba ta fita daga ƙarƙashin doka ba. Dokar 1 ga Yuni 1998 mai tsara ilimi a Nijar ta amince da ilimi mai zaman kansa, tare da sa idon hukuma. Ba a buɗe makaranta sai da izini. Dalili kuwa a fili yake: yaro zai yi shekara 4 a kwaleji kafin jarrabawar BEPC, sannan shekara 3 a lise kafin bakaloriya, kuma gwamnati ce ke shirya jarrabawar duka biyu. Makarantar da ta kauce wa manhajar ƙasa ta ci dukiyar uba, ta kuma ɓata shekarun ɗa, alhali shekaru ba su dawowa.

Abu na biyu, karɓar lada a kan karantarwa halal ne a mazhabar Malikiyya. Amma tun ƙarni na 9 Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan ya wallafa littafi a kan ladubban malamai, inda ya bayyana cewa mai karɓar lada wajibi ne ya tsare lokacin yara, ya kuma daidaita tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka. Saboda haka zuwan sufeto don duba malamai da azuzuwa tsaron amana ne.

Abu na uku, wanda ya ɗauke wa hukuma nauyin ɗaruruwan yara ya cancanci taimako. Sai dai ya kamata taimakon ya zo da sharaɗi: a horar da malamai, a biya su kan kari, a rage wa marayu kuɗin makaranta. Tallafin da ba a bin diddiginsa yana iya ƙarewa a aljihun mai makaranta.

Daga ƙarshe, ya kai uba, kafin ka biya ko dala, nemi ganin takardar izinin makarantar. Tambayi yara nawa ke zama a aji guda, kuma nawa suka ci jarrabawa bara daga cikin waɗanda aka gabatar. Sufeto yakan zo ne jefi-jefi, kai kuwa kullum ɗanka na kwana a gidanka, duba littattafansa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a karatunsu. Amin.